'Yar Jajibirin Alhamis

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci. Mutanen gida kowa lafiya. Baba yana nan a Sabon Birni, ƙafa ta hana shi zuwa gonar Kurawa, amma bakin bai gaji da ba da umarni ba. Ƙannena Sani da Luba sun yi iyali sun cika gida da hayaniya, ba sa kuma manta ki a addu'a.

Na san ba ki karanta boko ba, na kuma san a wannan shafi da nake rubutu mutane da yawa za su karanta abin da ke tsakanina da ke. To, su karanta. Da kina raye da kin ce na cika surutu, kuma ba ni za ki gaya wa ba, Gwaggo Hassi za ki gaya wa, ita ta kawo mini saƙon.

Inna, albishir nake tafe da shi, tun hantsi na kasa zama wuri ɗaya. A jami'ar da nake koyarwa a Sakkwato, a sashenmu na nazarin tasowar yara da matasa, kowane malami yana da ɗan gurbi a shafin intanet na tsangayarmu: hotonsa, sunansa, sai layi biyu a ƙasa masu faɗin abin da yake bincike a kai. Kamar dai yadda a kasuwa ake sanin abin da kowace mace take kasawa a gabanta. Nan ɗalibai masu neman digiri na biyu suke dubawa su zaɓi malamin da za su bi. Shekara uku gurbina ba komai sai hoto, hoton ma na ɗaure fuska kamar wadda aka taka wa ƙafa. Yau kwamiti ya zauna ya amince, an cika mini layukana biyu.

Abokan aikina sun daɗe da cika nasu. Akwai wanda yake bin yadda waya ke cinye barcin samari da 'yan mata, shi kansa ko a taro idonsa na kan tasa wayar. Akwai wata Hajiya mai nazarin yaran makiyaya da ke tashi da harshe biyu, Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwa. Wani kuma yana zama da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, yana duba irin wasan da suke yi da abin da suke zanawa a ƙasa. Duk sanda muka haɗu sai su tsokane ni, wai Dakta Larai har yanzu tana neman ɗan da za ta goya. Ni kuwa na san abin da nake so in bincika, tsoron faɗinsa nake yi. Tun ina yarinya tambaya ɗaya ce ke cina a rai: ko kina ganina kuwa?

Bari in gaya wa masu karatu abin da ke kin sani. Ni ce 'yarki ta fari, kuma kin yi mini alkunya irin ta mutanenmu, wadda ba sassauci a cikinta. Tun da kika haife ni har kika koma ga Allah, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ranar Laraba aka haife ni aka ce mini Larai, sai ranar ma ta shiga cikin laifin. Ke kaɗai ce a Kurawa mai kwana shida a mako. In za ki ambaci Laraba sai ki ce jajibirin Alhamis, har matan unguwa suka ɗauka suna tsokanarki da shi. Ko dariya ba kya yi, ki ci gaba da saƙar tabarmarki.

Da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin Gwaggo Hassi, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidanmu. Ƙofarta na kallon taki, taku goma bai cika ba. In tuwo ya nuna sai in ji muryarki kina cewa, “A ce wa mutanen ɗakin Gwaggo su zo su ɗauka.” Ni kaɗai ce mutanen. Ina ƙarama abin dariya yake ba ni, in zo da gudu in ce ga mu mun zo.

Wajen shekara goma sha uku dariyar ta ƙare. Na fara lura da yadda kike ɗora Luba a cinya kina yi mata kitso kina kiran sunanta har da waƙa. Na lura in Sallah ta matso kina jan Sani da Luba zuwa kasuwar Sabon Birni ki gwada musu takalma da hannunki, ni kuwa sai dai Gwaggo ta dawo ta jefo mini nawa a leda. Ranar da sakamakon jarabawa ya fito aka ce na samu makarantar kwana, na shigo gida ina ihu. Kina sheƙar gero. Ko faifan ba ki ajiye ba, kika dai juya baya don iska. Na shiga ɗakin Gwaggo na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma daga ranar na ƙulle abin a zuciyata.

Har ciwonki na ƙarshe abin bai sake ba. Da damina ce, na taso daga Sakkwato a gigice, na zauna a bakin gadonki na riƙe miki kofi. Kika dubi bango kika ce wa Gwaggo, “A ce wa baƙuwa ta koma bakin aikinta, hanya ba ta da kyau in la'asar ta yi.” Baƙuwa, Inna. Da wannan kalma na hau mota, bayan kwana huɗu aka kira ni aka ce kin cika. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kukan rashinki, na kuma yi kukan haushinki, har ban san wanne ya fi yawa ba.

To, bara na yanke shawarar in cika gurbina. Akwai wata takardar tambayoyi da masana ke amfani da ita don gane ko yaro na tasowa daidai da shekarunsa. Uwa ake tambaya. In kin kira sunansa yana waiwayowa? Yaushe ya fara tafiya? Wace kalma yake faɗa? Me ya fi iyawa? Ni da kaina na mayar da ita Hausa, na yi ta alfahari da yadda Hausar ta zauna. Na ɗauki ɗalibaina mata biyu muka tafi gwada ta a gida. Muka fara da iyalan ƙauyen Tsamaye da suka dawo cikin Sabon Birni da zama, muka je garin Isa, ranar da aka ce hanya ta yi shiru muka hau babura zuwa Kurawa da Burkusuma.

Da farko abin ya tafi lafiya lau. In aka tambayi uwa ɗanta na uku ko na huɗu, sai mun ce mata ya isa, har ranar da ya fara cizon nono za ta ba mu labari. Amma da an zo kan ɗan fari sai murya ta mutu. Wata ta ja mayafi ta rufe baki, wata ta ce ba ta sani ba, wata ta tashi wai tukunya na ƙonewa alhali ko wuta ba ta hura ba. In aka ce ko yana waiwayowa in ta kira sunansa, sai ta dube mu kamar mun zage ta. Ɗalibaina kuwa 'yan birni ne, abin da takarda ta ce shi suke bi: duk amsar da ba i ba ce, gidan a'a take shiga. Da muka dawo muka tattara, sai ga 'ya'yan fari sun fito a baya a komai. A kan takarda ba sa jin kira, ba sa magana, wasu ma ba a san ko suna tafiya ba.

Inna, nan ne na yi abin kunya. Ni 'yar Kurawa ce, ni ya kamata in fara gane abin da ya faru. Amma da na ga sakamakon, daɗi na ji. Na ce a raina yau na kama ki, ga shi a rubuce. A Burkusuma da idona na ga wata yarinya 'yar shekara biyu, 'yar farin wata matashiya mai suna Ige, tana bin kaji da kara tana yi musu faɗa da Hausa tana haɗawa da Fulatancin maƙwabta. A takardarmu an rubuta ba ta fara magana ba. Na gani, na kau da kai. Na zauna na rubuta wa kwamiti cewa abin da zan bincika shi ne sakacin uwaye ga 'ya'yan fari a ƙasar Gobir.

Ki duba abin da na kusa yi. Da an amince, wannan layi ne zai zauna ƙarƙashin hotona, ɗalibai su zo su koya a wurina su tafi su koyar. Da an ɗauki yara lafiyayyu irin 'yar Ige an ce masu jinkirin tasowa ne, an kuma tura 'yan mata masu farar riga su shiga gida gida suna koya wa matan Gobir yadda ake son ɗa. Duk da sunana a kai, ni da aka goya a wannan ƙasa.

Saura mako uku kwamiti ya zauna na biya ta Isa in gaida Gwaggo, don can take yanzu wajen ɗanta. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma harshen yana nan da kaifinsa. Na zauna ina ba ta labari ina hura hanci, har da karanta mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta bar ni na gama tsaf, ta tofar da goron bakinta, ta tambaye ni ko da gaske shekarun nan duka da na yi ina karatu wannan aka koya mini. Sannan ta ce, “Ke Larai, wa ka tambayar uwa ɗanta na hwari? Kaka aka tambaya, kunne kuwa a bar shi wajen uwa.”

Na ce ban gane ba. Ta ce ai ta ga alama. Ta bayyana mini cewa in ana son sanin halin ɗan fari, kakarsa ko gwaggonsa ake zaunarwa a tsakar gida, a wurin da uwar ke aiki tana ji. Tsohuwa kuma ta san aikinta, za ta faɗi wani abin daidai, wani ta karkace shi da gangan. Uwa tana iya haɗiye yabon ɗanta, amma ba ta iya jin an yi kuskure a kansa ta yi shiru. Ba za ta dube ki ba, ba za ta ambaci suna ba, turmi za ta gaya wa ko tukunya. Wai haka ungozomomi suke yi tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro takardata.

Na fito daga gidan rabi haushi rabi zumuɗi. Kwana biyu bayan nan na koma Burkusuma a bayan babur, ba ɗalibai, ba takarda a hannu. Na sami surukar Ige, na gaishe ta, na ce labarin jikarta na zo ji. Tsohuwar ta dube ni ta dubi Ige da ke daka a gefe ta ba mu baya, sai na ga ta yi ɗan murmushi, ta gane wasan tun ban gama magana ba. Ta ce yarinyar ai sai bayan yankan gero ta fara tafiya, haƙoranta kuma ba su fi huɗu ba. Taɓarya ta tsaya a sama. Ige ba ta waiwayo ba, cikin turmi ta duba ta ce, “Tun gero na bununi, ran da an ka yi ruwan ƙanƙara. Taku ukku, ta hwaɗi bakin randa.”

Inna, saura kaɗan in yi guɗa a gidan mutane. Tsohuwa ta ci gaba da kuskurenta, Ige ta ci gaba da gyara wa turmi. Kafin azahar na san kalmar da yarinyar ta fara faɗa, na san tana tsoron jaki amma ba ta tsoron raƙumi, na san kunnenta na hagu ya yi ruwa da rani har sun kai ta wajen mai magani. Babu abin da ya wuce wa matar nan, wadda mako biyu da suka wuce ta ce mana ba ta sani ba. Na gwada a gida biyar a Kurawa, na gwada a Sabon Birni, ko'ina haka. Wata randa ta gaya wa, wata akuya. Ina kan babur muna dawowa ina dariya ni kaɗai, har mai babur ya tambaya ko lafiya.

Isa na wuce kai tsaye don in gaya wa Gwaggo ta yi gaskiya, abin da ta fi so ta ji a duniya. Ina cikin ba ta labarin Ige sai bakina ya suɓuce na ce ina ma ni ma na samu uwa mai gyara wa turmi. Sai Gwaggo ta sa jikarta ta jawo wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado. Na gane shi nan take, naki ne, wanda kike ajiye zare da allura. Ashe ita aka ba bayan rasuwarki. Ta laluba ciki ta fito da wani ɗauri na tsinken kaba, an ɗaure shi da baƙin zare, ta ɗora mini a cinya. An jera su daga gajere zuwa dogo. Na farkon bai wuce tafin hannuna ba.

Ta tambaye ni wa nake zaton yana saya mini takalmin Sallah. Na ce ita. Ta ce to ta taɓa gwada mini? Ya taɓa matse ni, ko ya yi mini yawa? Na tsaya ina tunani, na ga ko sau ɗaya bai taɓa ba. Sai ta ce, “Ni ina na san ƙahwarki? Ita ka awo, ni ka zuwa kasuwa.”

Wai duk shekara in Sallah ta gabato, sai ki jira in yi wanka in taka damshin bakin randa in wuce. Da na ɓace sai ki zare tsinke ɗaya daga kabar da kike saƙa, ki durƙusa ki auna sawuna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ki datse da haƙori. Jajibirin Alhamis ki miƙa wa Gwaggo ki ce a dubo wa mutanen ɗakinta. In ta dawo sai ki karɓi tsinkenki ki ɗaure shi tare da na bara. Wai ranar da na shigo da labarin makarantar kwana ma, ba iska ce ta sa kika juya baya ba. Gwaggo ta ce ranar geron ya jiƙe, sai da ta karɓi faifan ta ƙarasa miki.

Na warware ɗaurin ina dubawa. Na ga shekarun da ƙafata take tafiya a hankali, na ga inda ta yi tsalle lokaci guda, wato shekarun da na fara zama budurwa, daidai lokacin da nake kwana da haushinki. Abin da nake zana wa ɗalibai a kan allo da alli, ga shi kin ajiye da kaba. Daga can kuma sai tsinkayen suka zama tsawo ɗaya, da yawa, kai da kai. Na tambayi Gwaggo dalili. Ta ce ta sha gaya miki ƙafar mace in ta tsaya ta tsaya, a daina wahala, ke kuwa sai ki ce a dai auna. Bayan na yi aure, in na zo gida na cire takalmi a ƙofar ɗaki, shi kike aunawa ina ciki ina hira da Luba.

Nan na tuna silifas ɗin roba da Gwaggo ke ba ni duk Sallah har bayan na zama malamar jami'a. Nakan karɓa in yi godiyar fatar baki, in kai gida in ajiye a banɗaki, wasu in bayar. Inna, ki yafe mini. Ban sani ba.

Tsinke ɗaya ba ya cikin ɗaurin, shi kaɗai yake a gefe, bai tsufa kamar sauran ba. Gwaggo ta ce na zuwana na ƙarshe ne. Ina fita in yi alwala kika sa ta miƙo miki takalmina har kan gado, kika auna, sannan da na dawo kika ce a sallami baƙuwa don kada la'asar ta same ta a hanya. Ba a kai shi kasuwa ba, don ba ki kai Sallar ba. Na kifa kaina a cinyar Gwaggo na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarki. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi haka nan, na jiƙa mata zane.

Na koma Sakkwato na janye takardar farko na sake sabuwa cikin kwana shida. Yau na shiga gaban kwamiti da ɗaurin kaba a jakata. Shugaban wani dattijon farfesa ne mai son gardama, in ka ce masa ruwa na jiƙa abu sai ya nemi hujja. Na faɗi kuskurena da bakina tun kafin a tono shi, na ba su labarin turmin Ige, na shimfiɗa tsinkayen a kan tebur. Wani ya yi dariya ya tambaya ko yanzu kaba ma ta shiga kayan bincike. Farfesa bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙaramin ya ɗora a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi ma ɗan fari ne, har gemunsa ya yi fari bai ji sunansa a bakin mahaifiyarsa ba.

Bai bar ni haka ba, ya kafa mini sharaɗi. Ya ce kada in tashi daga zargi in faɗa kirari. Akwai yaran da da gaske suke da jinkiri, kurma ko mai tauyayyen harshe, kuma alkunya na iya ɓoye su har lokacin taimako ya wuce. Aikina shi ne in samo hanyar tambaya da za ta kai ga abin da uwa ta sani ba tare da an keta mata kunya ba. Na ce na ji na karɓa. Ni ma na ƙara nawa: ina so in zauna da 'ya'yan fari masu shekara goma sha uku zuwa sha biyar, don na san abin da ke dafuwa a ransu. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, abin nan yana da zafi ga wanda ake yi wa, kuma ba kowa ke da Gwaggo mai adudu ba.

Ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotona, in karanta miki: yadda uwaye a ƙasar Gobir ke lura da tasowar 'ya'yan fari cikin alkunya, daga goyo zuwa balaga, da yadda yaran ke fahimtar hakan. Na karanta ya fi sau ashirin. Kafin in bar ofis ɗalibai biyu sun ƙwanƙwasa ƙofa suna so su bi ni, ɗaya 'yar Isa ce. Hajiya mai nazarin yaran makiyaya ta ce in zan koma ta bi ni, don a ruga alkunyar ta fi tamu tsanani, tana so ta ga ko su ƙwaryar nono suke gaya wa. Hoton ma na ce a canza, na ba su wani da nake dariya.

Akwai abin da zai ba ki dariya, ko da yake ba za ki nuna ba. Ina budurwa na yi rantsuwa in Allah ya ba ni 'yar fari sai na kira sunanta sau goma kullum, kowa ya ji. Da ta zo sai mahaifinta ya yi mini kara ya sa mata sunanki. Ina zan iya buɗe baki in kira sunan mahaifiyata? Ummi nake ce mata, yau shekararta goma sha biyu. Ɗazu da ta dawo daga makaranta na rungume ta na gaya mata a fili cewa ina alfahari da ita, ta dube ni tana tambaya ko zazzaɓi nake yi. Da ta shiga ɗaki na ɗauki takalminta na makaranta a ƙofa na auna da zare. Ya kusa kamo nawa, ni kuwa ban lura ba sai yau.

Shi kuma tsinken nan na ƙarshe ban kai shi gaban kwamiti ba, ba nasu ba ne. Yana cikin jakata. Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu hanya kuma ta yi kyau, za ni kasuwar Sabon Birni da shi. Ba zan gwada komai a ƙafata ba. Zan miƙa wa mai takalma tsinken in ce ya dubo mini silifas daidai wannan awo, saƙon wata ne da ya makara. Su zan sa ranar da zan fara shiga aji da sababbin ɗalibaina, duk wanda ya ga Dakta da takalmin roba ya yi ta kallo.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Allah ya saka miki da alheri a kan kowane tsinke da kika durƙusa kika auna. Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, mutanen Tsamaye da Kurawa da Burkusuma su koma gonakinsu su goyi 'ya'yansu cikin kwanciyar hankali. Ya sa aikin nan ya amfani yaranmu, ladan ya riske ki. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, in mun haɗu ko ba ki kira sunana ba zan amsa. Amin.

Wassalam. Na rubuto miki yau jajibirin Alhamis.

Taki har kullum,
mutanen ɗakin Gwaggo.